Karan dawa da keken taubashina

Shekarun baya, ban daɗe da ajiye aiki na dawo ƙauyenmu da zama ba, abokina ya zo mini da maganar keke. Abokin nan ɗan kawuna ne, wato taubashina, kuma tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa mun rabu ban tsokane shi da gajarta ba. Shi kuma gwangwala yake ce mini.

Gonarsa tana bayan rafi, tafiyar kusan awa guda a ƙafa, gwiwoyinsa kuwa sun fara ƙi. 'Ya'yansa na birni suka matsa ya ba da ita aro ya zauna gida. Ya ce shi in ya samu keke mai giya, irin mai manyan tayoyin nan na hawan tudu, zai ci gaba da nomansa. Suka yarda, amma da sharaɗi: ranar da ya faɗi, maganar gona ta ƙare.

"Kai da ka gama yawon duniya," in ji shi, "zo ka raka ni, ko yawon naka zai yi rana."

Muka shiga Kano wajen masu kekunan gwanjo. Ga su nan jere, tsofaffi ne amma na ƙarfe mai kyau. Na taɓa zama a wata ƙasar Turai inda har tsofaffin mata a keke suke zuwa cefane, a can na ga yadda ake auna keke. Mutum zai tsaya ƙafafunsa a ƙasa, ƙarfen da ya taso daga sirdi zuwa kan keken yana tsakaninsu, a ga ko da sauran fili. Mu kuwa a nan baƙaƙen kekunan iyayenmu muka sani, duk girmansu ɗaya, mutum ne ke koyon zama da su. Awonmu shi ne a matsa taya, a ɗaga a ji nauyi, sannan a ɗauki wanda ya fi girma.

Haka abokina ya yi. Ya dafa wani kore, ƙato, ya ce ya samu.

Na ce, "Wannan ya yi maka girma."

Ya kwashe da dariya, ya dubi mai kekunan. "Ka ji ko? Tun a mota nake jiran wannan maganar. Shekara sittin ke nan ba shi da wata."

"Wallahi ba wasa nake ba. Tsaya a kansa mu gani."

"In tattare babbar riga a tsakiyar kasuwa in yi maka tsalle? Allah ya kiyaye."

Mai kekunan ya ce, "Baba, ai tayoyin duk ɗaya ne." Gaskiya ya faɗa, tayoyin ɗaya ne, gangar jikin ce ta bambanta. Na sake buɗe baki, sai na ga ni ma dariyar nake yi. Bakin da ya saba tsokana, ko gaskiya ya ɗauko da murmushi take fita. Muka ɗora koren a mota muka dawo.

Bai cika wata ba abin ya faru. Yana cikin burtali mai rairayi sai shanu suka ɓullo. Ya kama birki, ya zamo daga sirdi zai dire, ƙarfen nan ya tare shi kafin ƙafarsa ta kai ƙasa, ya kife cikin shinge. Gwiwar hannu kawai ya kuje, amma labari ya riga shi isa gida. Ranar Juma'a babban ɗansa ya zo ya ce, "Baba, alkawari muka yi."

Na sami abokina a zaure, ya haɗa kai da gwiwa. Ranar ce ta farko da na shiga bai ce mini gwangwala ba, ban kuwa ji daɗin hakan ba. Na ce wa ɗan, "Laifina ne, ba na ƙafarsa ba. Ka ba ni mako guda."

Na zaro karan dawa daga danga, na sa abokina ya tuɓe riga da takalmi ya jingina da bango. Na auna daga ƙasa zuwa inda ƙafafunsa suka rabu, na rage faɗin yatsu huɗu, na karya. Na miƙa masa na ce, "Gobe za mu koma. Ba zan ce uffan ba. Duk keken da ƙarfensa ya fi wannan karan tsawo, ba naka ba ne."

A kasuwa ya fara da koren. Ƙarfen ya zarce karan da kusan taƙi guda. Ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya, har ya kai kan wani ƙarami da fentinsa ya koɗe, aka yi daidai. Ya juya karan a hannu, ya dube ni ya ce, "Shi ma karan nan ɗan gidanku ne?"

Mai kekunan ya yarda aka yi musaya. Da muka dawo, ya hau a gaban ɗansa, ya zaga gindin rimi sau biyu, ya kama birki ya zamo, tafin ƙafafunsa biyu suka sauka a ƙasa daram. Ɗan ya dube shi ya ce, "To Baba, Allah ya tsare hanya."

Na iya harsuna da dama, amma ranar da nake bukatar mutum ɗaya ya yarda da ni, babu wanda ya yi mini aiki a cikinsu, don na riga na ƙarar da maganata a wasa. Ban daina tsokanarsa ba, hakkin taubasantaka ne. Sai dai yanzu in magana ta gaske ce, nakan zauna tukuna, in kira shi da sunansa na yanka.

Har bana shi ya noma gonarsa. Karan yana nan soke a rufin zaurensa. Duk wanda ya tambaya, sai ya ce wannan ne kaɗai ya taɓa gaya masa shi gajere ne ya yarda.