Kaset ɗin Gurmin Kakana

Ba na jin akwai ranar da zan manta da abin da ya faro da ƙarfe huɗu da kwata na yammacin wata Alhamis, a gidanmu na Kahu. Ina bitar karatu a gindin ɗakin Kaka, rikodarta tana kiɗa, sai sautin ya shaƙe, ya yi gurnani, ya ɗauke. Ko da na buɗe, ta cinye zaren kaset ɗin.

Kaset ɗin nan shi kaɗai ya rage mana na marigayi kakana. Gurminsa ne zalla, babu waƙa, wani baƙo ya ɗauka tun ba a haife ni ba. Idon Kaka ya riga ya tafi, kullum bayan la'asar shi ne abokin hirarta.

"Malama, me ya samu mijina?" ta ce. Haka take tsokanata saboda son littafi.

Na zauna da reza da biro da jan farcen yayata. Na warware zaren a hankali, na yanke inda ya dagargaje, na manne bakin biyu, na naɗe da biro. Kaset ya tashi. Amma da ya zo tsakiya, sai Kaka ta ɗaga hannu.

"Ya tsallake takena."

Ashe abin da na yanke shi ne kiɗan da ya tsara mata ita kaɗai tun suna saurayi da budurwa. Ba ta yi faɗa ba. Ta dai daina cewa a kunna, la'asar ta koma yi mata tsawo.

Mutum ɗaya ya san taken, wani dattijo a Rurum da ya koyi gurmi a hannun kakana. Lokacin kuwa ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba, makaɗa da yawa sun ajiye kayansu, shi ma ya rataye nasa ya koma sayar da hatsi a kasuwar Rano. Ni da ko a aji ba na iya ɗaga hannu, na sa mayafi, na rungumi rikoda da sabon kaset, na hau acaɓa. Na same shi a gida, na faɗa masa abin da ya kawo ni.

"'Yar nan, so kike a ce tsoho ya koma gidan jiya? Gaida min kakarki, amma a'a."

Na dawo. Asabar ta zagayo na koma, aka ce yana gona. Na sake komawa, matarsa ta yi dariya ta ce, "Ga 'yar rikoda ta dawo." A ranar ban roƙe shi ba. Na zauna a zaure na kunna tsohon kaset ɗin kawai. Da kiɗan ya zo inda na manne, ya yi tsalle, sai na ga yatsun dattijon sun ci gaba da tafiya a kan gwiwarsa.

"Baba, ba taro ba ne. Tsohuwa ɗaya ce za ta ji."

 Ya tashi ya shiga ciki ya fito da gurmin, ya ɗaura sabuwar tsirkiya, ya ce in rufe ƙofa in kori kaji. Ya kaɗa taken, na ɗauka a sabon kaset ɗin.

Daga ranar na koyi cewa mai kunya ma yana iya naci, kuma abin da ya yanke ana iya ƙulla shi, ko da ba zai koma yadda yake ba. Wannan na biyun Kaka ce ta koya min. Da na dawo gida na faɗa mata wanda ya kaɗa, na kunna, ta saurara har ƙarshe ba ta motsa ba.

"Kaka, shi ne?"

 Ta yi murmushi.

"Taken ne, hannun ne ba nasa ba. Shi a nan yakan ɗan tsaya, yana jira in waiwayo. Wannan bai san ana jira ba." Ta laluba ta dafa rikodar. "Mayar min da shi farko, Malama. Ni zan riƙa tsayawa."