Jirgin da Ya Faɗa Ruwan Zobe

Asabar: Katsina zuwa Kurfi

Ana sallame sallar asuba na fito daga gida da dogon kwali a ka. Matata, Maman Hafsa, ta riƙe mini ƙyaure tana cewa, "Allah ya kiyaye hanya, matuƙi." Ta daɗe tana yi mini wannan tsiyar, tun ranar da ta gan ni, mai gyaran talabijin da gemuna da 'ya'yana, na zauna ina lallaɓa jirgin wasa kamar jariri.

Abin da ke cikin kwalin ƙaramin jirgin sama ne mai siffar jirgin yaƙi, tsawonsa bai wuce hannuna ba. Jikinsa farin soso ne mai tauri irin wanda ake tokare sabuwar talabijin da shi. Ba shi da farfela a hanci, fanka ce ɓoye a cikinsa take zuƙar iska ta gaba tana feso ta ta baya, batir ke juya ta, ni kuma ina ƙasa da rimot. Irin wannan jirgi yana da gudu, fili yake so mai faɗi, ba wayar lantarki ba bishiya. A Katsina duk inda na nufa sai in tarar an yi gini. Shi ya sa na tuna da Kawu Ɗanjuma, ƙanen mahaifiyata, da ke noman rani a wani ƙauye a bakin dam ɗin Zobe, inda ruwa kan janye da rani ya bar ƙasa shimfiɗe.

To amma ƙasarmu ba yadda aka san ta take ba. Mutanen da suka sha jin harbi da ƙugin jirgin soja, ba ka zuwa musu da abu mai tashi yana kuka ba sallama. Kawu da ƙafarsa ya je wurin mai gari. Ya faɗa mini a waya, "Nura, na ce masa ɗana ne, na ce ba wanda za ya firgita ko akuya. Bakina na ba shi. Kada ka sa in kasa shiga masallaci." Tun daga ranar na san ba jirgi kaɗai zan ɗauko ba, har da mutuncin dattijo.

A tasha motar Dutsin-Ma ta cika da wuri, amma direba ya ƙi tashi sai da gari ya waye sarai, kuma ba wanda ya yi ƙorafi. Ya so ya ɗaure kwalina a but ƙarƙashin buhun albasa.

"Haba direba, ko kaina ka ɗora wa buhun nan ya fi mini."

"To ka biya masa kujera, tunda ɗan gata ne."

Na biya. Muka zauna gaba ni da kwali.

Bayan mun fita gari muka iske shingen jami'an tsaro. Ɗayansu ya ce a buɗe. Da ya ga hancin jirgi sai fuskarsa ta sauya.

"Malam, wannan ba shi ne mai leƙen asiri ba?"

"Ranka ya daɗe, ba shi da ido. Duba ka gani."

Ya juya shi sama da ƙasa yana neman kyamara, ya leƙa ramin fankar, har ya shinshina. Da bai ga komai ba sai ya ɗaga shi da yatsu biyu ya ce wa abokinsa, "Wallahi bai kai kaza nauyi ba." Ya miƙo mini. Sai da muka yi nisa na saki numfashi.

Kurfi

Hantsi ya ɗaga muka shiga Kurfi, na sauka. Nan abokina Malam Sanusi yake koyarwa, kuma ba na tashin jirgi ba da shi ba, don wannan jirgi ba shi da taya, jefa shi ake yi da hannu kamar mashi, Sanusi kuwa dogo ne mai dantse. Aibinsa ɗaya, murya. In ya yi maka raɗa a Kurfi ana iya ji a ƙauyen Tamawa.

Ba wuta a gidansa, sai muka kai batir biyu wurin mai cajin waya a bakin titi. Na zauna gadinsu da kaina, don irin wannan batir in ya ƙoshi aka ci gaba da ɗura masa, kumbura yake yi ya kama da wuta. Mai shagon yana jin haka ya matsar da wayoyin mutane gefe guda, ya koma waje ya zauna. Iyalin Sanusi suka aiko mana da ɗanwake mai yaji da ƙwai. Bayan azahar muka samu mota zuwa Dutsin-Ma.

Dutsin-Ma da bakin Zobe

Hanyar ba ta da nisa, shinge ɗaya muka wuce, na 'yan sintiri, su kuwa gaisuwa kawai suka yi. A Dutsin-Ma muka sha fura da nono a tsaye, muka hau babura biyu. Ni na rungume kwali, ɗan acaɓa yana ta mita wai iska na tura shi.

Kafin la'asar muka isa. Kawu na zaune ƙofar gida, ya ƙara tsufa, ya ƙara ramewa. Bayan gaisuwa ya ce a buɗe. Ya daɗe yana kallo.

"Wanga abu shi ne duk ka sa na je na durƙusa gaban mai gari?"

"Shi ne, Kawu."

"To Allah shi sa mu gama lahiya."

Muka je muka gaida mai gari a zaurensa. Dattijo ne mai ƙarancin magana. Ya ce ya sa an faɗa a masallaci cewa gobe da safe za a ji ƙara a sama, kada kowa ya gudu, baƙon Ɗanjuma ne. Da daddare aka kawo tuwon dawa da miyar kifi, kifin da aka kamo a ranar. Na ci na manta da kunya.

Lahadi: tashi

Da safe iska ta kwanta, abin da nake roƙo ke nan. Filin ya fi yadda Kawu ya kwatanta, ƙasa busasshiya mai tauri, gabas ruwa ya shimfiɗe har iyakar gani, da 'yan jiragen masunta can nesa kamar baƙaƙen ɗigo. Kudu da mu, bayan wasu gonakin tumatir, akwai mashigin da masunta ke ɗaure jiragensu, mata na ƙyafa kifi a wurin.

Na ɗaura fukafukai na ƙulle su. Na sa batir a cikinsa, na ɗora jirgin a kan yatsuna biyu ƙarƙashin fukafukai don in ga ko ya daidaita. Ya rinjaya baya, na tura batir gaba kaɗan har hancin ya ɗan sunkuya. Na kunna rimot tukuna sannan na haɗa batir, don in ka juya wannan tsari fanka na iya tashi a hannunka. Na karkata sandar rimot dama, na duba bayan fiffiken dama ya ɗaga. Na ja baya, wutsiya ta amsa. Sanusi ya riƙe shi, ni na yi nisa da rimot ina motsawa don in tabbata yana ji na. Mutanen gari sun yi layi a baya, Kawu a gaba da hannu a baya kamar mai jiran hukunci.

"Bismillah. Jefa!"

Fanka ta yi kuka, Sanusi ya wurga. Jirgin ya ɗan nutsa, sannan ya kama iska ya miƙe sama. Jama'a suka ɗauki salati da sowa. Na zagaya da shi bisa filin, na kwantar da shi a gefe, na wuce da shi ta gabansu da gudu. Ba wanda ya gudu, ko akuyar. Na saci kallon Kawu, na ga haƙoransa a waje. Wallahi daɗin da na ji a lokacin ba ya faɗuwa.

Batir ɗin minti huɗu yake yi, kuma agogon rimot ya riga ya yi ƙara. Ina shirin sauke shi sai ga mai gari ya iso da sandarsa. Kawu ya matso.

"Ƙara masa zagaye guda, mai gari shi gani."

Ka ce wa kawunka a'a gaban mai gari? Na ƙara. Ina juyo da shi daga kan ruwa kukan fankar ya mutu. Na lallaɓa shi yana saukowa a hankali, ina roƙon ya kai tudu. Bai kai ba. Ya sauka bayan wani dogon jeren ciyawar ruwa, muka daina ganinsa.

Soso ba ya nutsewa, don haka ban tsorata sosai ba. Na ce wa Sanusi ya je ya samo wanda zai ɗauko mana. Ya kwasa da gudu wajen mashigin masunta, yana buɗe muryar nan tasa.

"Jama'a a taimaka! Jirgi ya faɗa ruwa! Jirgi ya faɗa ruwa!"

Ni ɗan birni, shi malamin makaranta, ba wanda ya tuna a cikinmu cewa a bakin Zobe in ka ce jirgi, ba wanda zai kalli sama. Matan da ke ƙyafa kifi ba su zo kallo ba. Abin da suka ji shi ne jirgin masunta ya kife. Kafin Sanusi ya ƙarasa kururuwa ta tashi. Masu ban ruwa suka yar da fartanya, aka kashe injin. Maza na faɗawa jirage suna tuƙi, wasu sun rungumi gora sun shiga iyo. Wani ya cafki rigar Sanusi.

"Mutun nawa ne ciki?"

"Ba kowa!"

"Innalillahi! Ba a ga kowa ba!"

Muka iso da gudu, ni da Kawu yana haki. Ina ta cewa jirgin sama ne, na wasa ne, muryata ba ta wuce hancina ba. Sai na ga wata tsohuwa, Inna Hure, ta zube ƙasa zaune, ɗankwali ya faɗi. Ɗanta Ilu ya fita ɗaga komarsa ta kamun kifi tun asuba, kuma ta wajen ciyawar nan ya nufa. Ba ta yi kuka ba. Sunansa kawai take kira a hankali, tana dafa ƙasa. Na ga abubuwa a rayuwata, amma wannan ya tsaya mini a rai. Na juya wajen Kawu, na ga ya cire hula ya riƙe a hannu, idonsa a ƙasa. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Sai wani jirgi ya ɓullo daga bayan ciyawa, mutum ɗaya a ciki yana tuƙi a natse. Ilu ne, da jirgina kwance a cinyarsa yana ɗigar ruwa. Ya ga jirage sun nufo shi, ya ga taro a gaɓa, ya miƙe tsaye.

"Lahiya? Wa ya mutu?"

Wani daga cikin masu gora ya fara dariya har ya sha ruwa, daga nan ta kama kowa. Inna Hure ta tashi ta shiga ruwa har gwiwa, ta kama kunnen Ilu, magidanci mai 'ya'ya, tana dukansa da ɗankwali tana kuka tana dariya. Shi kuwa yana cewa, "Inna mi na yi?"

Zauren mai gari

Dariyar jama'a ba ta kwance mini ciki ba, don Kawu bai yi ba. Bayan an watse mai gari ya aiko mu je. Muka zauna a ƙasa. Sanusi ya buɗe baki zai ba da haƙuri, mai gari ya ɗaga hannu.

"Malam, naka bakin ya yi aikinshi na yau, bar shi shi huta."

Kawu ya ce, "Ranka shi daɗe, na ce ba wanda za ya firgita. Ga shi gari duka ya tashi. Laihina ne."

Mai gari ya dube shi.

"Ɗanjuma, shekarun nan duk ranar da aka yi kururuwa a garin nan, da yamma muna maƙabarta. Yau an yi kururuwa, an hita neman gawa, an dawo da soso. Mai da hularka."

Kawu ya mai da hularsa. Ni kuwa hawaye ne suka zo mini, ban ɓoye ba. Sharaɗi ɗaya aka kafa mana: in mun sake zuwa, kada a ƙara kiran abin nan jirgi a bakin ruwa, a ce shirwa. Muka je muka durƙusa gaban Inna Hure. Ta yafe, ta kuma cusa mana ƙyafaffen kifi a leda wai na tsoron da muka ji.

Komawa

Batir ya sha ruwa, na cire shi na binne a yashi nesa da gidaje don kada ya kama. Sauran kayan ciki na shanya, mai yiwuwa su tashi. Bayan azahar babura suka mai da mu Dutsin-Ma, muka hau mota, Sanusi ya sauka a Kurfi. Duk hanya bai ce uffan ba, abin da ban taɓa gani ba. Na shiga Katsina kafin magariba.

Ina godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, ga mai gari da mutanensa, ga Ilu da mahaifiyarsa, da iyalin Sanusi. Bayan na yi sallah na kira Kawu in ce na sauka. Na ji hayaniyar mutane a bayansa.

"Kawu kana ina?"

"Ƙohwar masallaci. Sun hana ni tahiya gida, kowa sai na sake ba shi labari. Ka sauka lahiya? To kashe, ana jirana."