Ranar da Na Sa 'Yata a Masaki

Ko tsufa ya kwashe mini komai daga kai, akwai safiya ɗaya da ba zai iya ɗauka ba: safiyar da na kwance 'yata daga bayana, na miƙa wa mutumin da ban taɓa gani ba, ya shiga ruwa da ita.

Ni 'yar mai bishara ce. A gidanmu addu'a ta Baba ce, shi ke yi, mu namu mu ce amin. In ciwo ne a kira Baba, in jarrabawa ce a je wurin fasto. Waƙoƙin sujada babu wadda ban haddace ba, amma Allah a wurina kamar hakimi yake. Na san yana nan, na san mai adalci ne, sai dai irina ba ta shiga wurinsa sai an yi mata iso.

Ba a daɗe da canja kuɗi daga fam zuwa naira ba aka tura maigidana aikin malamin gona a wani ƙauye kusa da Fagam, a ƙasar Gwaram. Mu kaɗai ne Kirista a garin. Ranar Lahadi sai mu shimfiɗa tabarma a ɗaki, ya karanta Littafi Mai Tsarki ya yi addu'a, ni kuma in ci gaba da sana'ata ta cewa amin. Maƙwabciyarmu wata tsohuwar Bafulatana ce, Musulma mai yawan jan carbi da yawan tsokana, kowa Inna yake ce mata. Ita ta yi mini wankan jego da na haifi 'yata ta fari.

Damina ta yi nisa aka kira maigidan kwas a Kano. Tafiyarsa ke da wuya zazzaɓi ya kama yarinyar, lokacin ko rarrafe ba ta fara ba. Ta ƙi nono, jikinta kamar garwashi. Da idanunta suka fara juyewa, Inna ta ajiye jiƙon da take haɗawa ta ce, "Matar malam, wannan ya fi ƙarfin sassaƙe. Goya ta, asibitin Birnin Kudu za mu."

Tsakaninmu da hanyar mota akwai kogi. Da rani yashi ne zalla, amma ranar ya cika ya batse, ja wur, yana tafe da rassan itatuwa. Babu gada, babu kwalekwale, sai masu fito da masaki, wato ƙatuwar ƙwaryar nan. Kuma suna da ƙa'ida: ba sa ƙetarar da mace da goyo a baya, don in ta firgita ta shaƙe mai fito, su duka ruwa zai ci. Sai dai a kwantar da jariri a masaki, mai fito ya tura shi yana iyo har wancan gaɓa, sannan ya dawo ya ɗauki uwar.

Na ce sam, ba mai raba ni da ita. Mai fiton, wani dattijo marar son dogon zance, ya ce, "Baiwar Allah, haka na gada, haka zan yi. In kuwa jira za ki yi ruwa ya janye, to sai jibi."

Yarinyar da ke numfashi sama-sama ina ita ina jibi? Na fashe da kuka ina cewa da Babana yana kusa da ya yi mana addu'a.

Inna ta dube ni sheƙeƙe. "Ke bakin naki na cin tuwo ne kawai? Kullum ina jin ku ta katanga kuna ce wa Allah Uba. Wace 'ya ce ke neman ɗan aike tsakaninta da ubanta? Ni dai na yi tawa, ke ma ki yi taki." Ta tattare zaninta, aka fara ƙetarar da ita don ta karɓi yarinyar a can.

Da dattijon ya dawo na kwance goyon. Har yau in na tuna sai in ji sanyin da ya bugi bayana. Ya shimfiɗa zani a masakin, ya kwantar da ita, ya tura. Na kama Addu'ar Ubangiji, wadda ko cikin barci ina iya karantawa, amma kalmomin suka watse. Sai kawai na ji bakina yana cewa, "Baba, ni ce. Ka san ban iya ba. Hannuna bai kai can ba, naka ya kai. Riƙe mini ita. In ka sake ta, ban san yadda za mu ƙare da kai ba."

Ku ji rashin kunya! Amma ita ce magana ta farko da na taɓa yi masa da kaina.

A tsakiyar kogin masakin ya juya, ruwa ya fara gangarawa da su. Daga baya na gane da gangan masu fito ke bin ruwa a karkace, amma a lokacin ban sani ba. Abin mamaki, ban yi ihu ba. Ban ji wata murya ba, ban ga wani haske ba. Na dai san ba ni kaɗai ke tsaye a gaɓar nan ba, kuma wanda ke tare da ni ya ji abin da na ce, bai kuwa yi fushi ba. Can sai na hango Inna ta shiga ruwa har gwiwa, ta ɗago yarinyar sama don in gani.

Dattijon ya dawo ya ƙetarar da ni, motar 'yan kasuwa ta kai mu Birnin Kudu. Aka yi mata allura, aka sa mata ƙarin ruwa, kafin la'asar ta kama nono. Yanzu ita ma ta aurar da nata 'ya'yan. Inna da dattijon nan sun daɗe da rasuwa, kuma ban taɓa daina gode wa Allah saboda su ba.

Abin da na koya shi ne, Allah ba ya jiran sai ka iya tsara magana, kuma ba ya ƙyamar ta don ta fito da kuka ko da tsiwa. Kai ɗin yake so ya ji. Har gobe ban iya addu'a mai daɗin sauraro ba. In aka ce in yi a taron zumuntar mata, sai in ga ƙananan cikinmu suna murmushi, wai ina magana kamar yana zaune kusa da ni a benci. Ba na musu da su. Ai yana zaune.