Na Ɓoye Sukar Allura Don Tsoron Bakin Likita

Edita, a lokacin ina ajin ƙarshe na karatun likitan haƙori, an turo mu koyon aiki a wani asibiti a nan Lafia, ina zaune wajen gwaggona a Bukan Sidi. Yarinya ce ni mai ji da kai, kuma babu abin da na tsana kamar a yi mini tsawa a gaban mutane. Likitan da ke kula da mu kuwa tsawa ce sana'arsa ta biyu. Ban taɓa ganin mai mugun baki irinsa ba, har yau in na tuna fuskarsa sai raina ya ɓaci. Wata 'yar ajinmu ta taɓa gaya masa allura ta soke ta, ya tsayar da ita a gaban marasa lafiya ya ce hannun da bai iya riƙe allura ba gara ya koma tuƙa tuwo. Daga ranar kowa ya kama bakinsa.

Kwalin zubar da allura yana can ƙarshen ɗaki, shi kuma ba ya yarda ɗalibi ya matsa daga kujerar majiyyaci, don haka duk muka saba mayar wa allura murfinta da hannu biyu, abin da aka hana mu ƙiri-ƙiri a aji. Wata Talata wani dattijo manomi daga Kwandere ya zo a cire masa haƙori. Na yi masa allurar kashe zafi, ina cikin mayar da murfin sai ya yi tari, hannuna ya goce, allurar ta huda safar hannu ta shige babban yatsana. Likitan yana kujera ta gaba. Na wanke yatsan a ɓoye, na sauya safa, na ci gaba da aiki kamar babu abin da ya faru. Wata nas, dattijuwa, ta gani. Ta ja ni gefe ta ce in je in yi rahoto yanzu-yanzu, a gwada jinin baba kafin ya hau mota, a ba ni magani tun kwanaki ba su wuce ba. Ni da rashin kunya na ce mata ta daina sa mini ido. Rigakafin ciwon hanta ma allura ɗaya na yi cikin uku, na watsar saboda lalaci.

Bayan wata huɗu idanuna suka yi ɗorawa, ko ruwa na sha sai amai. Gwaji ya nuna ciwon hanta ne, irin wanda ake ɗauka ta jini ko ta kwanciya da mai shi. Da na ɗan warware na je na sami likitan, na faɗa masa komai ina kuka. Bai ko ɗago kai ba. Ya ce a ɗauko littafin rahoto, ya buɗe, ya ce bai ga sunana ba, saboda haka a ɗakin aikinsa babu abin da ya same ni. Sannan ya ce in je in binciki inda nake zuwa bayan an tashi aiki. Wallahi wannan maganar ta fi ciwon zafi, kuma ban yafe masa ba. Dattijon da jininsa zai wanke ni ko lambar waya bai bari ba.

Na so in ɗora masa laifin duka, amma baki nawa ne, ni na rufe shi. Ciwon bai bar jinina ba, likitoci sun ce ya zauna ke nan, ana duba ni lokaci-lokaci. Ƙannena masu koyon wannan aiki, ku kammala rigakafinku, kada ku mayar wa allura murfi da hannu biyu, in kuwa ta soke ku to ku faɗa a take, a rubuta, ko da za a tara asibitin gaba ɗaya a yi muku dariya. Masu koyarwa irin wancan kuma su sani, duk ɗalibin da suka tsorata ya yi shiru, akwai hakkinsa a wuyansu. Ni zagin minti biyar na guje wa, na ɗauko abin da zan je kabari da shi.