Yayana Mai Fenti da Babur Ɗinsa Mai Gardama

Ranar Talata, goma sha biyu ga watan nan, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayana mai fenti. Yana kan tsani yana shafe bangon wani bene, sai ya ce wa abokin aikinsa kansa yana juyawa. Ya sauko da ƙafafunsa, ya zauna ya jingina da bango, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Mai shi ne Ya karɓi abinsa, mu ma da muka rage can muka nufa.

Yaya, ni ne marar lafiyar gidanmu, kowa ya sani. Tun da ƙodata ta daina aiki, duk Litinin da Alhamis sai an ɗora ni a kan injin wankin ƙoda, in kuwa na tsallake, ƙafafuna su kumbura, numfashi ya nemi gagarata. Dangi sun daɗe da shirya zukatansu a kaina, ina gani a irin gaisuwar da suke yi mini. Ba wanda ya taɓa kawo kai a ransa. Ni kaina ban kawo ba, shi ya sa har yau nake jin kamar an yi kuskuren suna.

Babur ɗinka yana zaure. A bayan motar kaya aka dawo da shi daga wurin aikin, domin ba wanda ya iya tayar da shi. Babban yatsanka kaɗai ya sani. Masu zuwa gaisuwa suna raɓawa ta gefensa suna yaba kyansa, ni kuwa ina kallonsu kawai, don na san halinsa ciki da waje.

Saboda ni ka saye shi. Ranar da likita ya yi mana bayanin wankin ƙoda, ya ƙara da cewa gadajen kaɗan ne, masu jira da yawa, wanda ya makara sai a ba wani gadonsa. Asibitin yana can ɗaya gefen gari, da safe kuma motoci cunkushewa suke yi a hanyar, babur ne kawai ke iya ratsawa. Ka dubi tsohon babur ɗinka mai hayaƙi, wanda sai an yi masa kik har gumi ya karyo kafin ya amsa, ka ce ba za ka ɗora ran ƙaninka a kan wannan ba. Ka sayar da shi, ka shigo mana da sabo fil, baƙi mai sheƙi, da allo a gaba kamar na waya. Ba ramin mukulli, sai wani ɗan gilashi da ake ɗora yatsa.

Na zagaya shi na ce, “Yaya, ina kik ɗin?”

Ka yi mini kallon da ka saba yi mini tun muna yara, ka ce, “An wuce wannan zamanin. Kai dai hau ka yi shiru.”

Abin da ba ka tuna ba, mai sayarwar ma bai tambaya ba, shi ne sana'arka. Mutumin da yake wuni hannunsa cikin fenti ya je ya sayi babur mai karanta yatsa. Washegari ka tashi daga aiki, ka ɗora yatsa, babur ya ce bai san ka ba. Ka goge da tsumma, ka wanke da kananzir, ka kankare da farce, har fatar ta yi ja, shi kuwa yana nan kan bakansa. Daga ranar ka koma naɗe babban yatsan dama da leda da ƙyalle kafin ka taɓa burushi. In masu gida suka tambaye ka ko ciwo ka ji, sai ka ɗaga musu shi ka ce mukulli ne. Da yatsu huɗu ka ƙarasa aikinka na duniya, kuma ban taɓa jin wanda ya ce layinka ya karkace ba.

Da a yatsa abin ya tsaya, da da sauƙi. In aka yi yayyafi, allon ya kunna jar fitila ya rubuto wasu haruffa, babur ya mutu. In rana ta yi zafi, ya rage wa kansa gudu, mai keke ya zo ya wuce mu. Wani lokaci ya ce jak ɗinsa yana ƙasa, alhali ga shi a ɗage kowa yana gani. In batir ya ɗan yi sanyi kuwa, shi ke nan, ba kik balle a taimake shi. Ka kai wa bakaniken unguwa, wanda ya shekara da shekaru yana lallaɓa tsohon naka. Ya zagaya shi hannuwa a baya, ko sifana bai ɗauka ba, ya ce, “Wannan ba nawa ba ne. Gwada masu gyaran waya.” Ka kai kamfani, suka jona masa kwamfuta, suka ce lafiyarsa ƙalau. Gaskiyarsu ce kuma, domin a gabansu bai taɓa yin gardama ba, taɓawa ɗaya yake tashi. Da suka gaji da ganinka suka ce akwai wani ɗan ƙarfe da za a sauya, yana hanya a jirgin ruwa. Har ka bar duniya jirgin bai iso ba.

Ka yi ta faɗa da babur ɗin nan a tsakar gida, ka kira shi sunayen da ba zan rubuta a nan ba. Amma in wani ne ya kushe shi, musamman ni, sai ka tashi kare shi. Ka ce ba a saba da shi ba ne, ka ce hanyoyinmu ne ba su dace da shi ba. Sau ɗaya ka sa shi a kasuwa a ɓoye, masu saye suka ji sunansa suka watse, ka dawo ka ce dama gwada su ka yi. Ban taɓa ganin mutum mai taurin kai irinka ba, kuma wannan taurin kan ne ya riƙe ni a raye.

Ba zan manta wata Alhamis ba. Mun wuce rabin hanya, muna tsaye a danja, aka ba mu hannu, babur ya yi shiru. Ka ɗora yatsa, ka sake ɗorawa, motoci suna ta yi mana ham. Ranar jikina ya yi nauyi, ko tsayuwa ba na iya yi sosai, masu haya kuma duk da fasinja suke wucewa. Na yunƙura zan sauka, ka ce in zauna. Ka kama kan babur ɗin, da ni a kai, ka fara turawa. Babur ne mai nauyi, ni ma ruwa ya cika ni, ga hawa a gaba. Ina jin numfashinka, ina ganin rigarka tana jiƙewa daga wuya har ƙugu. Na ce ka tsaya ka huta, ka ce in ina da ƙarfin magana to in yi salati. Mun shiga ɗakin wankin nas tana riƙe da takardar wani za ta kira shi. Ta dube ka, ta dube ni, ta mayar da takardar.

Bayan wanki jiri ne ke ɗibata, ba na iya riƙe kowa. Ka karɓi tsohon zani wurin Anti, matarka, kana ɗaure ni da shi a bayanka in za mu koma gida. Na ce mutane suna kallonmu. Ka ce ka goya ni ina yaro ba wanda ya yi magana, yanzu ma ba ruwan kowa. Haka muke ratsa gari, ƙato da furfurarsa a goye, kana gaisawa da mutane a hanya ko a jikinka.

Akwai kuma tabon da ruwa ya yi a silin, daidai saman gadon da aka fi kwantar da ni. Na taɓa ce maka na gaji da kallonsa, sa'o'i ina kwance ba abin gani sai shi. Ban san ka riƙe maganar ba. Ka nemi izini wurin shugabar nas-nas, ka zo ranar da ba a wanki da tsaninka, ka shafe silin ɗin gaba ɗaya da ruwan bula mai haske. Marasa lafiya da yawa suna kallonsa yau ba su san hannun wa ba ne.

A bencin jira na kamfani ka haɗu da 'yan'uwanka a wahala. Kowa da irin babur ɗinka, kowa da labarinsa. Akwai Dogo mai gyaran wuta, wanda nasa yake kulle kansa in ya ga dama. Akwai Mai Burodi, wanda ya sha tsayawa a titi da kaya a baya har masu shaguna su gaji da jira su saya wurin wani. Sauran suna zagin kamfani suna tafiya, kai kuwa ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka karɓi lambobinsu, ka buɗe muku zaure a waya. Dokar ɗaya ce: duk wanda nasa ya mutu a hanya ya faɗi inda yake, wanda ya fi kusa ya je ya tura shi. Irin turin nan na masu babur, a sa ƙafa a madogarar bayan wanda ya mutu, a ja giya a hankali, biyun su tafi tare. Suka naɗa ka shugaban masu turi, kana jin haushin sunan amma kana amsawa. Sau da yawa ka bar fenti yana bushewa a bokiti ka tafi ceto wanda ko sunansa na gaskiya ba ka sani ba. Su ma sun sha zuwa su same mu a gefen titi, ni da kai. Ta haka ne duk gardamar babur ɗin nan ban taɓa rasa gadona ba.

Ni ne na so in rasa shi da kaina. Wata safiya ka zo ɗaukata ka tarar ban shirya ba. Na ce maka na gaji da allura, na gaji da jiri, na gaji da ganinka kana tura ƙarfe a rana saboda ni, ka bar ni in kwanta a ɗakina abin da zai faru ya faru. Ba ka yi mini wa'azi ba. Ka buɗe jakata ka zuba bargo da magunguna, ka durƙusa ka sa mini takalma, sannan ka ce, “Wancan na waje ma kullum sai ya ce ba zai je ba, kuma kullum sai ya je. Tashi.” Na tashi ina gunaguni, muka kama hanya.

Ranar Laraba muka wuni karɓar gaisuwa. Da gari ya waye Alhamis, na zauna a kan tabarma cikin mutane, ban haɗa jaka ba, ban kuma yi niyyar haɗawa ba. Ƙafafuna sun fara tashi, na ja riga na rufe su. Na gaya wa kaina ba daidai ba ne in bar masu gaisuwar yayana in tafi neman lafiya. Gaskiyar ita ce na yanke shawarar na gama zuwa. Wanda yake kai ni ya tafi, ban ga dalilin da ni zan tsaya ba.

Sai aka ce Anti tana kirana. Na same ta a ɗaki, idanunta sun kumbura, muryarta ta dushe. Ba ta amsa gaisuwata ba. Ta ce, “Yau Alhamis.”

Na ce na sani, amma ga baƙi.

Ta ce, “Baƙin nawa ne, zan ji da su. Ni na san yadda yake dawowa gidan nan ranar da ya tura ka, ni nake gasa masa baya. Bai yi wannan don ka zo ka zauna a tabarma ba. Kada ka sa ya zama wahalar banza ya sha.”

Na juya na fito. A ƙofar gida na tarar da Dogo da Mai Burodi, kowa a kan babur ɗinsa, injin yana aiki don suna tsoron kashewa. Ba wanda ya kira su. Dogo ya ce, “Hau, ƙanin shugaba. Mu biyu muka zo, ka san halin kayan namu.” Ai kuwa ba mu yi nisa ba na Dogo ya kunna jar fitila ya mutu. Mai Burodi ya matso ta baya ya sa ƙafa, muka ci gaba ba tare da an tsaya ba. A nan ne kukan da na kasa yi tun Talata ya zo mini. Na kifa fuskata a bayan mutumin da ba dangina ba, na jiƙa masa riga, bai waiwayo ba, bai kuma ce in yi haƙuri ba.

Na shiga ɗakin wankin a kan lokaci. Nas ta shimfiɗa mini gado, ta leƙa bayana wajen ƙofa, ta ce, “Yau ina Yaya? Ko babur ɗin ne kuma?” Sai da na hau gadon na miƙa mata hannu sannan na iya gaya mata.

Allah Ya jiƙanka, Yaya. Ya gafarta maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi. Duk takun da ka yi kana turi a rana, nawa da na waɗanda ba ka sani ba, Allah Ya sa ka same shi a mizani, Ya shigar da kai Aljanna ba tare da wahala ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga Anti, wadda ta rasa miji amma ta tuna da ranar asibitin ƙaninsa; ga 'ya'yanka, Allah Ya raya su a kan halinka; ga 'yan'uwanmu mata, da abokan aikinka masu fenti, da mutanen zaurenka da suka rasa shugaba. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya kyautata namu ƙarshen.

Jiya Dogo ya aiko yana tambaya ƙarfe nawa za su zo ranar Litinin. Na gaya masa, Yaya. Zan je.