Zurufin Baba

A iƙama, wato katin izinin zamanmu a ƙasar Larabawa, Baba direba ne. Ni da Umma kuma a jikin iƙamarsa muke rataye, in ta mutu mun mutu tare. Amma aikin da ya cinye masa kunne ba tuƙi ba ne.

Kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a takarda, wani tsoho ne mai son farauta, yana da bindigogi masu lasisi a istiraharsa, gidan hutawarsa can bayan gari, kuma ba ya yarda a yar da kwanson harsashi. Tagulla ce, ana sake cika ta. Baba ke tsaye gefensa ana harbi, shi ke tsinto su cikin yashi, ya wanke da ruwan lemon tsami, ya shanya, ya bi su ɗaya ɗaya da wani ma'auni na ƙarfe mai baki biyu. Albarushi kam tsohon da kansa yake zubawa, ƙofa a kulle.

Baba ya sha gaya min kwanso duk harbi sai ya ɗan ƙara tsawo, ido ba ya gani, ma'auni ke gani. Sai a rage masa baki. Ana ragewa ana ragewa har jikinsa ya sirance. Ranar da zobe mai haske ya fito kusa da gindinsa, halas, sai bokiti.

Tsohon ya rasu iƙamarmu tana dab da ƙarewa. Ɗansa ya sayar da bindigogin tun ba a gama karɓar gaisuwa ba. Baba ya yi ta sintiri gidan, kullum bukra, wato sai gobe, kullum inshallah.

Rannan wayar Baba ta yi ƙara, na ɗauka, don shi ba ya ji a waya. Ɗan kafilin ne. Da Larabci ya ce in gaya wa ammi, wato Baba, ya zo ya ɗauki zurufinsa.

To mu a bakinmu zarf ambulan ne, zuruf kuma jam'insa. A ciki ake kawo mana katin iƙama duk sanda aka sabunta. Umma ta yi sujada a tsakar ɗaki, ta aika aka sayo kaji, kafin la'asar rabin unguwarmu ta Sa'alaba sun ji labari. Baba tambaya ɗaya ya yi min.

"Zarf ya ce, ko zuruf?"

"Zuruf, Baba. Ai mu uku ne."

Ya dube ni, ya tashi ya goge farar rigarsa.

Na raka shi. Ɗan bai fito ba. Mai gadi ne ya jawo bokitan fenti biyu har bakin ƙofa, cike da kwanso, ma'aunin a kai. Ashe shi ma kwanson zarf suke ce masa. Mai gadin ya ce an ce mu kai Mahjar wajen masu sayen tsohon ƙarfe, tagulla tana da daraja. Batun takarda kuma an yi mana ta fita daga ƙasar, saƙo zai shigo waya.

Baba ya ce a yi masa godiya. Wallahi wannan godiyar har yau tana ci na.

Mai tsohon ƙarfen yana leƙa bokitin ya ja baya. Ya ce baƙin mutum, iƙama a mace, da bokiti biyu na kwanson harsashi? Yalla, mu bar masa shago kafin mu jawo masa.

Muka dawo da su gida. Kajin na nan a tukunya.

Yanzu muna ɗaure kaya zuwa Kano, garin da a waya kawai na san shi. Umma ta daina fita saboda masu taya murna. Baba yana zaune ƙarƙashin kwandishan, yana ware kwanso gida biyu. Jiya ya ɗago wani, ya kara shi a haske.

"Wannan fa da sauransa," ya ce.