Darduma Uku Zuwa Bakin Ruwa

Saura kwana biyu in koma Kano wurin mijina da 'ya'yana, Ummi, mahaifiyata, ta yafito ni da hannunta mai lafiya, ta ce tana so ta sa ƙafarta a teku. Shekara biyu ke nan da ɓarin jikinta na hagu ya shanye, ba ta wuce ƙofar gidanmu na unguwar Sharafiyya a nan Jidda sai in za a kai ta asibiti. Ban tambaye ta dalili ba. Na dubi yadda ta rame, na san ba lalle ne in sake iske ta ba in na dawo, sai na ce mata, "In sha Allahu gobe."

Yayana, ɗanta na fari, shi ke da mota. Direba ne a wani sito a Khumra. Ina gaya masa ya fara nasa: ga zafi, ga nisa, likita bai ce ba. Na bar shi ya gama tsaf, sannan na ce ko da shi ko ba shi za mu tafi, ko da tasi ce. Ya san halina tun muna yara. Washegari bayan azahar sai ga shi da tanti na aro da kular ƙanƙara da darduma uku, yana ta ƙunƙuni.

Muka yi kudu, muka wuce Madinar Masana'antu, wato unguwar kamfanoni, har wani wurin shaƙatawa a bakin Bahar Maliya inda iyalai ke kafa tanti su kwana. Sau biyu iska tana tuge mana namu kafin ya tsaya. Muka shimfiɗa dardumomin a ciki, na jera dabino da gahawa, sannan na kama keken guragun da ake tura Ummi a kai na nufi ruwa da ita. Ina sauka daga siminti tayoyin suka nutse cikin rairayi. Na tura, na ja, ko motsi.

"Halas, ya ukhti," in ji Yaya da Larabci, wato shi ke nan, 'yar'uwata. "Ga tekun nan, tana ganinsa daga nan."

"Gani ta ce, ko taɓawa?"

Ya yi tsaki, ya naɗe hannun jallabiyarsa. "Ɗayyib, to na ji. Yalla, maza matsa in ɗauke ta."

Ummi ta kau da kai, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. "Gaya wa wancan ya bar ni."

Wancan. Haka take ce masa tun da na yi wayo. Kunyar ɗan fari ce da ta taho da ita daga gida, shekara hamsin da wani abu a Jidda ba su rage ta ba. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ranar Salla in ya sumbaci kanta bango take kallo. Ko da ta kwanta ciwo ba ta taɓa bari ya ɗaga ta ba, mata ake nema. Na girma ina ganin abin kamar ado, amma ranar nan haushinsa ya kama ni har wuya. Na gwada ɗaukar ta da kaina, bayana ya ce ban isa ba.

Sai na koma tanti na fizge dardumomin, dabino ya watse, ban ko waiga ba. Na shimfiɗa su a jere daga bakin siminti, na ce wa Yaya ya tura daga baya. Wannan kam ta yarda, tunda ba ta ganinsa. Keken ya hau, ya tafi. Yana kai ƙarshen ta uku na ruga na jawo biyun baya na kawo gaba. Haka muka yi ta yi. Rairayi a haƙorana, abaya ta manne mini da gumi, mutanen tantunan kusa sun bar gashin namansu suna kallonmu. Yaya ya ce in huta, na ce in na zauna ba zan tashi ba.

Da muka iso jiƙaƙƙen yashi sai dabarar ta ƙare. Dardumar ta sha ruwa ta yi nauyi, tayoyin suka lume da ita gaba ɗaya. Bai fi taku huɗu ya rage ba. Ruwan ya taho, ya tsaya kamu ɗaya da yatsunta, ya koma. Ya sake tahowa, ya sake komawa. Na ce bari in ɗebo a kwano in zuba mata.

"Ba kwano na ce ba," in ji ta.

Nan na zube a ƙasa, ƙarfina ya ƙare, kuka yana so ya ƙwace mini. Can sai na ga ta ɗaga hannun nan mai lafiya, ba ta juya ba, ta miƙa shi baya tana lalube har ta kama wuyan hannun Yaya a kan mariƙin keken.

"Zo ta gaba," ta ce.

Ya zagayo ya durƙusa. Ta saƙala hannu a wuyansa, ya ɗaga ta cak, ya shiga ruwa da jallabiyarsa har gwiwa, ya sunkuya a hankali sai da ƙafafunta biyu suka nutse. Mutum mai furfura a gemu, hawaye na zuba, ba shi da hannun sharewa. Bayan ɗan lokaci ya ce, "Halas, ya Ummi? Mu fita?"

Ta ɗaga kai ta dube shi, ido cikin ido.

"Kada ka sauke ni tukuna."

Bai sauke ta ba sai da aka kira magariba.